Wa Ya Dafa? Tambayar da Ya Kamata a Yi wa Girkin Taurarin Hollywood

Asabar ɗin makon jiya na ɗora tukunyar da ba na jin an taɓa ɗora irinta a layinmu. Niƙaƙƙen naman sa rabin kilo, manyan albasa biyu, tafarnuwa, tattasai da attaruhu, tumatir, garin kumin cokali ɗaya, sai jan wake da na jiƙa tun daren Juma'a. Cili ake ce wa abincin, girkin mutanen jihar Texas ne a kudancin ƙasar Amurka, kuma sai ya yi kamar awa biyu yana ɓararraka a ƙaramar wuta kafin ya haɗe jikinsa. Surukata, da ta zo mana kwana biyu, ta leƙo kicin ta ɗaga murfin tukunyar, ta daɗe tana kallo.

"Wannan kuma faten wake ne ko miyar nama?"

"Hajiya, abincin wani ɗan sanda ne a Amurka. In an yi isha za mu kalli fim ɗinsa muna ci."

"Allah sarki. Shi ba shi da mata ne?"

Dariya ta kusa ƙware ni, don ba ta san ta sosa wa masu kallo inda ya shekara hamsin yana yi musu ƙaiƙayi ba. Yana da mata, kullum ma bakinsa na kanta, matata ta ce kaza, matata tana son kaza, amma har aka naɗe tabarmar shirin ba wanda ya ga ko inuwarta.

Columbo ke nan, laftanan 'yan sanda mai binciken kisan kai a birnin Los Angeles, wanda marigayi Peter Falk ya fito a matsayinsa. An fara nuna shi a 1968, ya zama shiri mai dogon zango daga 1971 zuwa 1978, ya dawo a 1989 ya ci gaba jefi-jefi har 2003, kashi 69 gaba ɗaya. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ƙiyasta ɗan guntun mutum cikin yamutsattsiyar rigar ruwa, gashi a hargitse, guntun taba a hannu, ido ɗaya na roba saboda an cire wa Falk idon dama tun yana shekara uku. Motarsa Peugeot 403 ce da ta ga jiya ta ga yau, wato yayar 404 da 504 ɗin da iyayenmu suka hau. In ya fito da sassafe bai karya ba sai ya zaro dafaffen ƙwai daga aljihu, ya rasa inda zai zuba ɓawon a gidan mutane. In ya samu sarari kuwa, ƙaramin gidan abinci yake nufa a zubo masa cili a kwano ya marmasa biskit mai gishiri a kai.

Shirin ya sha bamban da sauran na bincike ta fuska ɗaya. Tun a mintocin farko za a nuna maka wanda ya yi kisan da yadda ya kitsa shi. Abin da ya rage maka shi ne kallon yadda wannan mutum da kowa ya raina zai yi ta zarya, yana tambayoyin da suka yi kama da shirme, har ya kai bakin ƙofa zai fita sannan ya juyo yana sosa kai ya ce af, saura abu ɗaya. Masu kisan kuma kusan duk manya ne, likitoci, marubuta, attajirai, masu gidajen da falonsu kaɗai ya fi gidanmu girma. Tsofaffin taurarin Hollywood ake ɗaukowa su fito a shirin, waɗanda suka yi tashe tun zamanin fim marar kala, irin su Ray Milland da Myrna Loy da Ida Lupino da Anne Baxter da Janet Leigh da Vincent Price.

Daga nan wata 'yar Landan mai aikin adana tsofaffin finafinai, Jenny Hammerton, ta samo dabararta. Ta shafe shekaru tana tara takardun girkin taurarin da daga tsofaffin mujallu da jaridu da littattafai, tana dafawa ɗaya bayan ɗaya. A 2018, shekarar da Columbo ya cika hamsin, ta fitar da littafi da ya haɗa kowane kashi na shirin da girkin wani da ya fito a cikinsa, ka dafa ka zauna ka kalla. Daga baya ta yi irinsa ga wani shirin binciken na 'yar wasa Angela Lansbury da aka yi daga 1984 zuwa 1996. Yanzu akwai masu yin haka a ƙasashe da dama, a sa rana, a zaɓi kashi, kowa ya dafa a gidansa.

Wata ƙawata da na ba wa labari cewa ta yi rashin aikin yi ne, irin na waɗanda wuta ba ta ɗauke musu. Ban yarda da ita ba, zan kuma faɗi dalili. Sai dai kafin nan ina da ƙorafina, wanda ya fi nata nauyi. Duk lokacin da na ga an rubuta miyar wance ko gashin naman wane, da hoton tauraruwa ta ɗaura ƙyallen girki a kan rigar siliki, farce zaƙo-zaƙo ya sha jan lalle irin nasu, ta riƙe ludayi kamar ta riƙe maciji, tambayar da ke zuwa mini ita ce wadda Columbo zai yi in ya kai bakin ƙofa. Ranki ya daɗe, wa ya dafa?

Sai an san yadda masana'antar take a wancan zamani za a gane tambayar ba neman magana ba ce. Daga shekarun 1920 zuwa na 1950 manyan kamfanonin fim su ne uwa su ne uba ga 'yan wasa. Kwantiragin shekara bakwai ake sa wa hannu, kamfani ya zaɓa maka fim, ya zaɓa maka sutura, wani lokaci har wanda za a gan ku tare a gidan rawa. Kowane kamfani yana da sashen tallata 'yan wasa da ke ƙirƙiro musu tarihi ya aika wa mujallu. Ko sunan ma sau da yawa rigar aro ce. Joan Crawford sunanta na yanka Lucille LeSueur, gasa aka sa a wata mujalla a 1925 masu karatu suka zaɓa mata sabon. To wanda aka raɗa wa suna ta hanyar gasa, don an raɗa masa miya ai ba abin mamaki ba ne. Mujallar Photoplay ta fitar da littattafan girkin taurari a ƙarshen shekarun 1920, kamfanonin fulawa da na kayan gwangwani su ma suka riƙa buga 'yan ƙananan littattafai da fuskokin 'yan fim suna rabawa matan aure. Manufar a fili take. Ana so matar da ke wanke-wanke a wani ƙauyen Ohio ta ji cewa wannan baiwar Allah da ke sheƙi a majigi ita ma mace ce kamarta, tana shiga kicin, don haka ta sayi tikiti ta kuma sayi fulawar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a daidai lokacin da ake nuna su da faranti shaƙe da kek, da yawansu yunwa ake gana musu. Judy Garland tana da shekara goma sha shida aka ɗauki fim ɗin da ya fito da ita duniya a 1939. Kamfanin MGM ya sa mata ido a kan ƙiba, ɗakin cin abincin kamfanin romon kaza yake ba ta ko me ta nema, ana haɗa mata da ƙwayoyin kashe yunwa da na hana barci, in dare ya yi a ba ta na sa barci. Ba ta rabu da ƙwayoyin nan ba har ta rasu a 1969 tana da shekara 47. In na ga girki da sunan yarinyar da aka hana ƙoshi, hannuna ba ya son ɗaukar cokali.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma a nan ne abin ya fara yi mini daɗi, don tantancewar ita kanta bincike ce. Vincent Price, wanda duniya ta sani da finafinan ban tsoro, gwanin girki ne na haƙiƙa. Shi da matarsa Mary sun fitar da wani ƙaton littafin girki a 1965, sun bi manyan gidajen abinci na Turai da Amurka suna karɓo yadda ake yin kowane abu, suna faɗin gidan da suka samo shi. Wannan faɗin shi ne ya ɗaga darajarsa a idona. A 1971 har shirin koyar da girki ya yi a talabijin ɗin Ingila, bayan shekara biyu kuma ya fito a Columbo a matsayin mai kamfanin kayan kwalliya. Sophia Loren ta tashi a Pozzuoli kusa da Naples cikin yunwar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma duk wanda ya duba littafinta na 1971 zai ga girkin wadda ta san darajar busasshen burodi. Ita kuwa Katharine Hepburn, mai kambun Oscar huɗu, kek ɗin cakulan ɗinta da kansa yake ba da shaida: ƙwai biyu, sukari kofi ɗaya, bota rabin kofi, amma fulawa rubu'in kofi kacal. Ma'aikacin ofis da aka ce ya cike shafi ba zai yi gangancin rage fulawa haka ba, zai kwafo abin da kowa ke yi ne. Sai wadda ta gasa ta sake gasawa ta gane cewa yawan fulawa ne ke busar da shi. Na gwada da gyaɗa a madadin irin ƙwayar da suke sawa, ya fito da danƙo a ciki kamar alewar madara.

Takardar girki tana tona asirin mai ita kamar yadda mai laifi ke tona kansa. Wadda ta fito daga hannun mai dafawa za ka ga tana gargaɗi, kar ka rufe tukunyar, jira sai albasa ta yi ja, in ka ga ya fara kamawa ka ɗiga ruwa. Wadda aka rubuta a tebur kuwa sumul take, ba tabo ba ƙuna, haɗa kaza da kaza ka sa a wuta minti talatin. Ko a cikin matan gida ai mun san bambancin mai kwatanta miya da baki da wadda hayaƙi ya taɓa sa ta hawaye.

Mu koma kan cilin nan, don a kansa tambayar ta fi fitowa fili. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Elizabeth Taylor, wadda a 1962 tana birnin Rum ana ɗaukar fim ɗin Kiliyofatara ta sa a riƙa yi mata jigilar cili a jirgin sama daga gidan abincin Chasen's na Los Angeles. Har yau in an tashi maganar cilin sai an ambace ta, alhali aikinta a ciki bai wuce ci ba. Wanda ya tsaya a gaban wuta yana juyawa ba a cika jin an tambaya ba. Akwai ma wanda ya fi wannan, ko da yake daga fadar shugaban ƙasa ya fito. Zamanin Lyndon Johnson mutane sun yi ta rubuto wasiƙa suna neman yadda ake cilin gidansa, har uwargidansa ta sa aka buga shi a kati ana aikawa, da sunan kogin Pedernales da ya ratsa gonarsu a Texas. Mai dafa musu abinci kuwa wata baƙar fata ce, Zephyr Wright, wadda ta yi karatun kula da gida a kwaleji ta kama aiki da su tun 1942 har suka bar fadar a 1969. Matar da ke ciyar da babban ɗan siyasa, amma in za ta bi mota daga Texas zuwa Washington ba ta samun masaukin da zai karɓe ta a hanya saboda launin fatarta. Johnson da kansa ya riƙa ba da labarinta lokacin da yake neman goyon bayan dokar haramta wariya ta 1964. An san sunanta ne saboda gidan da ta yi aiki. Takwarorinta da suka yi girki a gidajen Beverly Hills, unguwar taurarin fim, baƙaƙe da 'yan Meziko da 'yan Filifin da sauran baƙin haure, akasarinsu ko a ƙasan shafi ba su samu shiga ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

In aka ƙara tonawa, shi kansa cilin ba a gidan masu kuɗi aka haife shi ba. Matan San Antonio 'yan asalin Meziko ne suka yi suna da shi tun wajen shekarun 1880, suna kafa tebura a dandalin gari da daddare, da fitila da tukwane a kan garwashi, kamar dai masu tuwo-tuwo a bakin tasha. Leburori da sojoji da matafiya su ne masu saye. Hukumar gari ta yi ta takura musu da dokokin tsafta har sana'ar ta mutu wajen ƙarshen shekarun 1930. A 1977 majalisar Texas ta ayyana cili a matsayin abincin jiha. Ɗan Texas na asali, af, ba ya yarda a sa masa wake a ciki, yana ganin cin fuska ne. Ni dai na sa, don nama rabin kilo ba zai zagaya mutum takwas ba.

Shi ya sa nake ganin ba a banza aka haɗa Columbo da wannan abinci ba, kuma shi ya sa a duk shirye-shiryen bincike shi ne ya fi dacewa a ci wannan girki a gabansa. Duk shirin a kan raini aka gina shi. Attajirin yana kallon rigar ruwan da takalmin da ya sha faci ya yanke hukuncin cewa wannan ba zai iya komai ba. Shi kuwa Columbo wurin waɗanda ba a kallo yake zuwa, mai gadi, direba, mai shara, sakatariya, mai aikin gida, domin su ne suka san ƙarfe nawa aka kunna fitila da wanda ya bar kofi a inda ba a saba bari ba. Akwai kashin 1978 da Jonathan Demme ya ba da umarni, inda Louis Jourdan ya fito a matsayin mai sharhi kan gidajen abinci, yana karɓar na goro daga masu su don ya yabe su, wanda ya ƙi kuma ya ga ta kansa. Da ɗaya ya yi niyyar fallasa shi sai ya kashe shi da dafin wani kifin Japan ta hanyar abin buɗe kwalba. Tun daga farko har ƙarshe masu dafa abincin garin suna ta ɗura wa Columbo girki, don sun san wanda ya daɗe yana ci da guminsu. Mai suna a jarida daban, masu ƙonewa a kicin daban. Akwai kuma na 1974 da mawaƙi Johnny Cash, inda Columbo ya zauna yana santin cili a wurin wani biki har sai da aka gaya masa naman kurege ne a ciki. Wannan muka kalla ranar Asabar, Hajiya ta ajiye cokali ta dube ni, sai da na rantse mata naman sa ne daga mahaucinmu.

To in haka ne, me ya sa ban bi ƙawata na ce a watsar ba? Saboda sunan tauraron, ko na gaskiya ne ko na aro, shi ne ya hana takardar ɓata. Ba mai ajiye shafin jaridar 1936 don kawai akwai yadda ake gasa dankali a ciki. Amma da yake fuskar wani da ake so tana kai, an yanke, an liƙa a littafi, jika ya gada, ya kai kasuwar tsofaffin kaya, wata mai haƙuri a Landan ta saya ta dafa. Ta haka muka san abin da gidajen Amurka ke ci a shekarun karayar tattalin arziki, da yadda aka yi dabarar kek lokacin da yaƙi ya sa aka riƙa rabon sukari da bota da kati, da yadda abincin gwangwani ya mamaye kicin bayan yaƙin. Girkin da ke ƙarƙashin sunan na wata ce, ko mai aikin gidan, ko uwar ɗan wasan, ko wata ma'aikaciyar kamfanin fulawa da ta gwada shi sau goma. Hannunta ya iso gare mu ko da sunanta bai iso ba. Ina faɗin haka da ɗan ciwo a raina, domin kakata ta wajen uwa tana wata miyar yakuwa da gyaɗa da busasshen kifi da ban ƙara cin irinta ba tun rasuwarta. In ka tambaye ta nawa ake sawa sai ta ce daidai misali. Mu biyar muka tashi a gabanta, ba wadda ta ɗauki biro. Da wani ɗan wasan kwaikwayo na gidan talabijin ɗin Kaduna ya yi ƙaryar cewa miyarsa ce aka buga a jarida, da yau ina da ita, in ya so na yi ta jin haushinsa ina dafawa.

Abin da nake nema a wurin masu wannan sha'awa bai da yawa. Su ci gaba da tarawa da dafawa, amma su ɗauki sunan da ke saman takarda a matsayin wanda ake tuhuma, a bincika. Inda aka san tauraron ya iya girki a faɗa. Inda aka san talla ce a faɗa. Inda tarihin rayuwarsa ya ambaci mai dafa masa abinci, a ɗauko sunan a sa kusa da nasa. Price ya yi haka tun 1965 bai ragu da komai ba.

Akwai masu cewa cin abinci a gaban talabijin shi ne ya kashe hira a gida, kuma suna da hujja. Tun da kamfanin Swanson ya fito da daskararren abinci a farantin gwangwani wajen 1953, wanda ake ɗumamawa a ci a gaban akwati, aka fara kukan cewa teburin iyali ya watse. Sai dai wanda ke wannan kuka yau ya makara da shekara saba'in. A gidana, in ban tashi tsaye ba, kowa ɗaukar farantinsa yake ya shige ɗaki da waya, babba na kallon ƙwallo, 'yan matan na kallon abin da ba ya wuce daƙiƙa talatin, maigidan na sauraron muhawarar siyasa. Akwati ɗaya da mutum takwas a gabansa yanzu ai shi ne taron. An ce mu haɗu a kan abincinmu mu ambaci sunan Allah a sa mana albarka, kuma ranar Asabar ɗin nan a faranti babba ɗaya yaran suka ci, awa ɗaya da rabi ba wanda ya taɓa waya, ana ta gardamar ta inda za a kama mutumin. Shirin ma ya taimaka, ba jini a cikinsa sai abin da ba a rasa ba, shi kansa Columbo ba ya ɗaukar bindiga, kuma tafiyarsa a hankali take yadda za ka iya tashi ka ƙaro miya ka dawo ba ka rasa zaren ba.

Wanda zai gwada ya sani cewa girke-girken nan da yawa akwai naman alade da giya a ciki, sai an zauna an tace. Inda aka ce kitsen alade man shanu yana yi, inda aka ce jan giya a miyar nama romo da ɗan tsamiya ko ruwan khal yana rufewa, wasu kuma ba su gyaruwa sai dai a wuce su. Akwai kuma na shekarun 1950 da ake daskarar da kifi da kayan lambu cikin wani abu mai rawa kamar kamu ya kwana, wanda ko kyauta aka ba ni ba na so. Masu tsananin bin ƙa'ida za su ce in ka canza ai ba girkin tauraron ba ne kuma. Ni wannan bai dame ni ba, tunda dama ban tabbata nasa ba ne.

Da aka gama na ɗauki hoton abin da ya rage a tukunya na tura zauren 'yan gidanmu na WhatsApp, na rubuta cilin da na yi yau. Yayata ta amsa da cewa hannunki akwai albarka. Ina cikin jin daɗi ɗana na biyu, mai shekara goma sha ɗaya, ya tashi zai kai faranti kicin, ya kai bakin ƙofa, ya juyo yana sosa kai ya kanne ido ɗaya.

"Umma, af, saura abu ɗaya. Lokacin da gas ya ƙare, wa ya hura gawayi?"

Gas ɗin kuwa ya ƙare, ana tsakiyar dahuwa. Na tuna na ce a mayar da tukunyar kan kurfoti, na shiga na yi la'asar, daga nan waya ta riƙe ni har kusan magariba. Yarinyar da ke taya ni aiki ita ta tsince waken tun daren Juma'a, ita ta yi jajjagen, ita ta zauna a tsakar gida tana fifita wuta tana juyawa kar ya kama. Ni na auna kumin na soya albasa.

Hajiya ta ƙwala mata kira, ta zo ta durƙusa tana goge hannu da zani.

"Ke 'yar nan, na ji wani ɗanɗano a miyar nan da ba na Turawa ba. Me kika sa?"

Ta saci kallona kafin ta amsa. "Hajiya, daddawa ce 'yar kaɗan. Na ɗanɗana na ji kamar da saura."

Na ɗauko littafin da nake rubuta girki, na buɗe shafin, na soke abin da na sa a sama na rubuta sunanta, na ƙara daddawa guda ɗaya a ƙasan kumin. Tana tsaye a bayana tana leƙe.

"Anti, in rubutawa za ki yi ki sa biyu. Ɗaya ba ta ji ba sai da na ƙara."